Jan Alƙalamin Ofelia

Ni ne Nibaldo, mai gyaran rubutu.
Shekara talatin da huɗu ina farautar waƙafi
a hawa na biyu, bisa shagon mai igiyar jirgi,
inda taga ke kallon tashar ruwan Valparaíso,
gishirin teku na cin ƙarfen keken rubutu
yadda gara ke cin takarda.

Ofelia Quintrel ta shigo mana da jiƙaƙƙen takalmi,
'yar mai ɗinkin koma, ko ashirin ba ta cika ba.
Aka aike ta rubuto farashin kifi.
Ta dawo da sunayen 'yan dako tara
da aka kora don sun tambayi ladan aikin dare.
Edita ya ja tsaki, ya karanta, ya sake,
ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki neman shaida?"

Ba wanda ya koya mata.
Kunnen mai jinya gare ta.
Ɗan majalisa na zuba, baki har kumfa,
ita tana jiran kalmar da zai tsallake.
Takan ce, "Abin da suka furta nasu ne, Nibaldo,
abin da suka haɗiye shi ne jarida."

A shekarun da kowa ya sa bakinsa a aljihu,
wani mai almakashi kan zo mana bayan faɗuwar rana.
Duk gurbin da ya yanke
sai ta cike da jadawalin cika da janyewar teku.
Ba a daɗe ba gari ya gane karatun:
ran da teku ta cika sau uku a shafi ɗaya,
an ɗauke wani, bai kwana gida.

Da kujerar edita ta zama tata,
labarin farko mai nauyi na ƙaninta ne, Aurelio,
da kwangilar igiyar keken hawa tudu
wadda aka biya sau biyu, ba a ɗaura ko sau ɗaya ba.
Ta karanta shi a tsaye. Ta gyara harafi guda.
Ta ce a buga.
Shekara shida uwarsu na juya mata baya a coci,
ko gaisuwa ba ta yarda.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba.
Kansila Belisario Ancán bai ci kuɗin kowa ba.
Sifiri ɗaya ya yi tsalle cikin lissafi,
dubu ta zama dubu goma,
ni kuwa ina gyangyaɗi, ƙarfe biyun dare.
Kafin azahar an jefi tagoginsa.
Ta duba takardar gwaji, ta ga sa hannuna,
ta ninke ta, ta jefa a jaka.
Washegari, shafin farko, manyan baƙaƙe:
"Na yi kuskure," sai sunanta ita kaɗai.
Ta hau matakala ɗari biyu zuwa ƙofarsa.
Bai buɗe ba. Ta koma baɗi. Ta koma baɗin baɗaɗa.
Ni ko tudun ban iya kallo ba,
har yau in na tuna cikina na murɗa.

An sayar da injin, an auna shi a sikeli.
Labari ya koma tafin hannun yara.
A asibiti na same ta, ta rame kamar tsinke,
tana gyara sanarwar da ke manne a bango.

Ta bar ta'aziyyarta da hannunta, layi huɗu,
ba yabo, ba lambar girma,
sai ranaku, da sunan Belisario.
A layi na uku waƙafi ya ɓace.
Ofelia ba ta mantuwar waƙafi.
Ni ta bar wa, aikin ƙarshe.
Na cire murfin jan alƙalaminta,
hannuna na rawa,
na ɗiga shi a gurbinsa, na kashe fitila,
na bar teku tana ta aikinta na da.